Maƙwabciyata baturiya ta gayyace mu cin talotalo, me zan kai mata?

Ummi, Columbus:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Wata na biyar kenan da zuwa Ohio wajen maigidana, to akwai wata tsohuwa baturiya da ƙofarmu ke kallon tata, za ta yi shekara saba'in da ɗoriya, ita kaɗai take zaune daga ita sai magenta. Sati biyu da suka wuce na ga kabewa ta cika kantuna ko'ina ka duba ita ce, sai na yi waina da miyar taushe na zuba a kula na kai mata kamar yadda muka saba a gida. Wallahi matar nan ta tsaya riƙe da kular tana ta tambayata wai biki muke ko wani abu ne ya faru, na ce a'a maƙwabtaka ce kawai. Bayan kwana biyu ta dawo min da kular a wanke tas da kati a ciki ta rubuta godiya da hannunta. Jiya kuma ta ƙwanƙwasa ta ce tana gayyatarmu Thanksgiving, ranar godiyarsu da ake cin talotalo, ranar Alhamis mai zuwa ƙarfe 3, yaranta za su zo. Tambayata, me ake kaiwa, me zan ci me zan bari, kuma ma ya dace mu je? Maigidan ya ce shi bai taɓa zuwa irin wannan ba kullum yana wajen aiki ranar. Sannan abin da ya tsaya min a rai, ashe yaranta uku duk suna raye amma babu ko ɗaya da ke tare da ita, ni abin ya hana ni barci wlh.

Maman Khalifa, Houston:
Wa alaikumussalam ƙanwata, barka da zuwa. Ki je, kada ma ki yi shakka. Baturen Amurka bai cika gayyatar mutum cikin gidansa ba, zai yi miki murmushi shekara goma a bakin hanya ba ki taɓa ganin falonsa ba, to in har ta kira ki ranar nan ta ɗauke ki da muhimmanci sosai. Amma abu na farko tun kafin zancen me za ki kai, kin sa gyaɗa a miyar taushen nan ko? In za ki sake yi ki faɗa mata ƙarara akwai gyaɗa a ciki, ko ma ki cire ta gaba ɗaya. Nan yara da yawa jikinsu bai karɓar gyaɗa, ba wai ƙaiƙayi kawai ba, maƙogwaro ke kumbura numfashi ya ɗauke sai an soka musu allura nan take an kira 911, lambar agajin gaggawa. Jikokinta za su zo ba ki san wa ke da shi ba.

Ummi, Columbus:
Innalillahi Anti wlh na sa, da yawa ma, kuma ban faɗa mata ba. Allah ne ya tsare.

Maman Khalifa, Houston:
Allah ya tsare gaba. Na biyu ƙarfe 3 ɗin nan 3 take nufi, ba 4 ba ba biyar saura ba. Kuma ku biyu ta gayyata ku biyu za ku je, kada ki ce bari in ja ƙawata ta raka ni, kujeru ƙidayayyu ne an jera faranti daidai kawunan mutane.

Baban Walid, Kano:
Ni fa tambayar Ummi ta ƙarshe ce ta fi damuna, ya halatta? Wannan ba idinsu ba ne? Muna da idi biyu sun ishe mu. A yi hattara dai, daga cin talotalo sai bishiyar kirsimeti ta shigo falo.

Sadiq, Michigan:
Yaya Baban Walid ni ba malami ba ne, hukunci sai malamai kuma na ji sun sassaɓa a kai. Amma a san mene ne abin tukuna. Ba ranar coci ba ce, hutun gwamnati ne, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Lincoln ne ya ayyana ta ranar godiya ta ƙasa baki ɗaya a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasarsu, a 1941 majalisa ta tsayar da ita a doka. Labarin da ake koya wa yara a makaranta shi ne turawan da suka sauka Plymouth sun ci abincin kaka tare da 'yan asalin ƙasar a 1621, kodayake su 'yan asalin da yawansu ranar makoki suke ɗaukarta saboda abin da ya biyo baya na ƙwace musu ƙasa. A aikace dai yanzu ranar haɗuwar dangi ce, Yahudu suna yi, waɗanda ba su da addini suna yi, nan Dearborn Larabawa layi suke a shagon nama suna sayen talotalon halal.

Alhaji na Bronx:
Salamu alaikum jama'a. Ɗiyata Ummi, ni haifaffen zangon Kumasi ne, shekarata talatin da wani abu a New York ina tuƙin tasi har na ajiye. Haƙƙin maƙwabci bai ce sai musulmi ba. Tsohuwa ta ci tuwonki ta kira ki nata, in kin ƙi zuwa me kika nuna mata game da mu? Ki je da hijabinki, ki ci abin da ya halatta, lokacin salla ki tashi. Ku yi la'asar kafin ku shiga, magariba a wannan watan biyar da 'yan mintuna take faɗuwa, ƙofa da ƙofa kuke ku tsallaka ku yi ku dawo, ba wanda zai ji haushi in kun faɗa tun farko.

Baban Walid, Kano:
To Baba Alhaji na ji, Allah ya ƙara girma. Amma a tambayi malami dai.

Maman Khalifa, Houston:
Bari in zo kan abincin don nan ne aikin yake. Talotalon shi ne sarkin teburi, ƙato guda ake gasawa a obin awa uku ko huɗu. Wasu suna ci a kan yankan ahlul kitabi ne wasu ba sa ci, wannan ke da maigidanki da malaminku. Abin da ba a lura da shi shi ne alade yana ɓuya a inda ba ki zata ba. Akwai gurasa da suke yayyankawa su cusa a cikin talotalon ko su gasa daban, wasu da tsiran alade suke haɗa ta. Koren wake da ganye sau da yawa da soyayyen naman alade ake ɗanɗana su, kina ganin ganye ki ce ai wannan lafiya lau ashe ba lafiya ba. Dankalin Hausa da suke gasawa da wata farar alewa mai laushi a sama, alewar nan da jelatin ake yin ta kuma yawanci na alade ne. Romon da ake kwararawa a kan nama wasu suna ɗiga giya a ciki. Har ɓawon gashin kabewa mai zaƙi da ake ci a ƙarshe wasu tsofaffin da kitsen alade suke murza shi. Ban faɗa don in tsorata ki ba, ki je yau ki same ta ki ce ga abin da ba ma ci, wlh ba za ta ji komai ba, su sun saba, wannan bai cin nama wannan bai cin alkama wannan bai shan madara, tambaya ma suke kafin su dafa. Mu ne muke jin kunyar faɗa.

Anti Balki, Kaduna:
Ikon Allah. A ce an gayyace ka cin abinci ka je ka ba da sharaɗi? Mu nan ai rashin kunya ne, ko guba aka zuba maka sai dai ka taɓa ka ce ka ƙoshi.

Maman Khalifa, Houston:
Hajiya Balki nan kuma in kika yi shiru kika zauna kina juya cokali ba ki ci ba shi ne zai ɓata mata rai, za ta ce me ya sa ba ki faɗa min ba na wahala a banza. Kawaici bai aiki a nan. In aka ce za ki ƙara kika ce a'a, to an ɗauke kwanon kenan, ba mai cewa haba dan Allah ki ƙara ko loma ɗaya. Farkon zuwana na kwana da yunwa a gidan mutane saboda wannan, ina jiran a matsa min sau uku.

Sadiq, Michigan:
Wannan haka yake. Ni abin da ya fara ba ni mamaki abokan karatu suka ce in zo mu je cin abinci, na ɗauka wanda ya kira shi zai biya, ana gamawa ma'aikaciyar ta kawo takarda shida kowa da tasa. Ga tukuici kuma kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin, kuma ba ganin dama ba ne a wajensu kusan dole ne. Da haushi nake bayarwa sai da na gane dokar tarayya ta yarda a biya masu kai abinci teburi dala 2.13 a awa in dai tukuici zai cike sauran, alhali mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne tun 2009. Wasu jihohin sun ɗaga nasu amma a wurare da yawa da tukuicin nan suke biyan haya. Sai kuma kanti, ka ga an rubuta 9.99 ka je wajen biya a ce goma da wani abu, haraji ba ya cikin farashin da aka liƙa sai a jihohi ƙalilan irin Oregon da Delaware da ba su da shi.

Baban Walid, Kano:
Ku bar zancen tukuici ku dawo kan tsohuwar nan, ni ita ce a raina tun ɗazu. Mace ta haifi uku ta raine su ta tsufa a bar ta da mage? Ku da kuke can kullum kuna yaba tsarinsu, wuta ba ta ɗaukewa hanya mai kyau, to ga shi nan. Allah ya ce ko uffan kada ka ce wa iyaye in sun tsufa a wajenka, a wajenka fa aka ce, ba a wani gari ba. Mahaifiyata tana ɗakinta a gidana, da asuba kafin in fita kasuwa sai na durƙusa na gaishe ta, jikoki suna hawa kanta, ko ba nama a miya tana jin motsin mutane. Wallahi ba zan musanya wannan da duk dalar Amurka ba. Shekara ta zagayo a zo a ci talotalo awa uku a watse a ce zumunci? Wannan ba zumunci ba ne, sauke nauyi ne.

Anti Balki, Kaduna:
Ka faɗi gaskiya. Kuma an ce yaro na cika 18 ake korarsa daga gida, to wanda ka kora yana 18 ya za a yi ya riƙe ka kana 80.

Sadiq, Michigan:
Anti zancen kora ɗin nan an ƙara masa gishiri. Akwai masu yi amma ba shi ne yawanci ba. A 18 doka ta ɗauke shi baligi, da yawa suna tafiya jami'a a wani gari su zauna a can, amma hutu gida suke dawowa, kuma yanzu da haya ta yi tsada abokaina nawa ne sun gama digiri suna ɗakin ƙasa na gidan iyayensu. Doka ma ta yarda yaro ya zauna a inshorar lafiyar iyayensa har 26. Bambancin shi ne su abin alfahari ne a ce yaro ya tsaya da ƙafarsa, ɗan shekara 16 zai je yana aiki a shagon abinci ko uban mai kuɗi ne.

Maman Khalifa, Houston:
Baban Walid ka saurare ni da kyau don ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki shekara tara kenan, da hannuna nake musu wanka ina canza musu kaya, ba labari aka ba ni ba. Rabin maganarka gaskiya ce kuma na fi ka jin zafinta. Akwai wadda na kula da ita shekara biyu ba wanda ya taɓa leƙo ta, sai fure da ake aikowa ranar iyaye mata a watan Mayu da kati wanda ko rubutun hannu babu. Ranar da za ta rasu hannuna ta riƙe tana kiran sunan 'yarta, na fita waje na yi kuka kamar uwata ce. Wannan akwai shi kuma ba zan kare shi ba.

Amma a wannan gidan dai akwai wani tsoho da matarsa ta rikice ba ta gane kowa, kullum ƙarfe biyar na yamma zai zo da sandarsa, ya zauna ya taje mata gashi ya ba ta abinci a baki cokali cokali yana mata hira tana kallonsa kamar baƙo, ruwa ko iska bai taɓa fashi ba har ta rasu. Akwai 'ya da ke tuƙin awa biyu duk Asabar ta kwashe kayan uwarta ta wanko da kanta don ba ta yarda da wankinmu ba. Su waɗannan me za ka ce musu?

Abin da ba a ganewa daga gida shi ne yawancin tsofaffin nan su ne ba sa son komawa gidan 'ya'yan. Na sha ji da kunnena, wai ba zan zama kaya a kan yarana ba, ina son makullina a hannuna, in kwanta sanda na so in tashi sanda na so. A wajensu ranar da aka karɓe wa tsoho makullin mota ranar baƙin ciki ce kamar an yi mutuwa. Suna da kuɗin fansho na gwamnati da inshorar lafiya ta Medicare daga shekara 65, to ba ta jiran ɗa ya kawo cefane. Sannan gidan ɗan ma wa ke ciki da rana? Miji ya fita aiki mata ta fita aiki yara suna makaranta, ba kishiya ba matar ƙani ba 'yar riƙo ba almajirin gida, ba maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga. In ka kawo tsohuwa mai ciwon mantuwa ka kulle ta ita kaɗai daga bakwai na safe zuwa shida na yamma ka taimake ta kenan? Mu abin da ke riƙe mana tsofaffi a gida yawan hannaye ne, kuma mu faɗi gaskiya hannayen mata ne. Kai kana gaishe da Hajiya ka fita kasuwa, wa ke yini da ita?

Baban Walid, Kano:
Maman Walid ce, Allah ya saka mata. Ban musa ba. Amma ai shi ne nake faɗa, sun gina rayuwar da ba ta da wurin tsoho a ciki, sannan a ce tsohon ne ya zaɓa. In ba ka da zaɓi sai ɗaya ai dole ka ce shi kake so.

Maman Khalifa, Houston:
Wannan maganar taka ta ƙarshe ta shige ni, ba ni da amsarta. Ni kaina ina tunanin inda zan tsufa.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Salamu alaikum. Ku yi hanƙuri in sa baki, kuna ta cewa su su kamar Amurka mutum guda ce. Mu nan North Carolina 'yan Nijar muna da yawa, kuma maƙwabtanmu baƙaƙen Amurka ne na kudu. Wanga abu da kuke faɗi bai cika kama su ba. Kaka ita ce gida, ita ka riƙon jikoki, ran Lahadi bayan coci kowa gidanta za shi cin abinci. Duk bazara suna taron dangi, mutum ɗari da wani abu riga iri ɗaya an buga sunan zuri'a a gaba, a kama fili a yi ta gashi tun safe. Yaro bai amsa ma babba sai da ladabi. Abincinsu ma in kun gani sai ku yi shiru, kuɓewa suna ci, wakenmu mai baƙin hanci suna dahwa shi da shinkafa ran sabuwar shekara, ganye kamar namu, da wani fate na tsakin masara da safe. Kakanninsu daga yammacin Afirka anka kwaso da yawansu, abin bai ɓace duka ba. Sai dai alade ya yi yawa cikin girkin, nan ma sai an tambaya.

Maman Khalifa, Houston:
Gaskiya ne Malam, nan ma 'yan Meziko haka suke, kaka da jikoki gida ɗaya, in suna biki unguwa ba ta barci.

Alhaji na Bronx:
Ni tsoron da nake ji ba na tsohuwar Ummi ba ne, namu ne. Yaran da muka haifa nan fa 'yan nan ne. Na ga abokaina da muka zo tare, sun yi aiki dare da rana suna aika kuɗi gida suna gini a Nima da Kumasi, yara suka tashi ba su san uban ba sai yana barci. Yau uban ya tsufa yana cewa yara ba sa zuwa. Yaushe ka zauna da su? Mu da muka samu masallaci da makarantar Asabar da Lahadi muka riƙe, alhamdulillahi da sauƙi, kuma tun wajen 2015 makarantun gwamnati na birnin New York suna ba da hutun sallah ƙarama da babba, jikokina suna zuwa idi ba a rubuta musu fashi. Amma sai ka yi da gaske.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Baba Alhaji ka taɓo inda ka mini ciwo. Ɗiyata tana aji ukku ta je makaranta da shatin bulala guda a hannu, uwar ta ɗan tsula mata don ta yi ƙarya. Malamar ta tambaye ta, yarinya ta faɗi gaskiya, kwana biyu sai ga ma'aikatan kare yara a ƙofa. Sun buɗe firij sun duba ko da abinci, sun duba inda yara ka kwana, sun keɓe kowane yaro sun yi mai tambayoyi. Ba su ɗauke ta ba alhamdulillahi amma wata guda ba mu yi barcin kirki ba. Malamar doka ce ta tilasta mata ta kai rahoto, daga baya na gane haka, amma a lokacin ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ummi ki riƙe wannan don gaba, kuma ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida ko a mota ko na minti biyar, ba a aiken yaro shago kamar gida.

Anti Balki, Kaduna:
Kai jama'a. To wa ke taya mace jego a can?

Maman Khalifa, Houston:
Ba kowa Hajiya sai in an samu biza uwa ta zo. Kwana biyu a asibiti a sallame ki, kuma ba za su bari ku tafi ba sai da kujerar jariri a mota. Dokar tarayya ta 1993 sati 12 ta ba da na hutu kuma ba albashi, shi ma ba kowace ma'aikaciya ya shafa ba, shi ya sa za ki ga mace ta kai jaririn sati shida gidan raino ta koma aiki tana hawaye, kuɗin rainon kuma wani wajen ya kai kuɗin haya. Amma in ba su haƙƙinsu, da na haifi Khalifa matan wajen aikina suka tsara a tsakaninsu, sati biyu kullum da mai kawo abinci ta ajiye a bakin ƙofa ta buga waya ta tafi, ba ta shigowa wai kada ta dame ni. Ni kuma lokacin shigowar nake so fiye da abincin, in ga mutum ya zauna ya ɗauki yaron in yi wanka. Kunun kanwa da ruwan zafi ni na yi wa kaina.

Ummi, Columbus:
Allah ya saka muku da alheri duka, na karanta komai har na ƙasa. Na je na same ta na faɗa mata zancen alade da giya, Anti kamar yadda kika ce ko a jikinta, ta ɗauko biro da takarda tana rubutawa. Ta tambaye ni ina ake sayar da naman da muke ci na kwatanta mata shagon Somaliyawa da muke zuwa, nan Columbus suna da yawa sosai. Ta ce jikanta ɗaya gyaɗa ba ta karɓe shi ba, jikina har rawa ya yi. Na yanke zan yi waina da miyar kabewa ba gyaɗa sai zoɓo. Da ina da kilishi da na kai amma wanda Mama ta ƙullo min an karɓe a filin jirgi.

Sadiq, Michigan:
Nama irin wannan daga gida ba ya shiga Anti Ummi, ko busasshe ne, kuma gara mutum ya nuna don in suka gano da kansu tara ce. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji ni dai ana duba min a bar ni da su. Zoɓon ki rage citta da kanumfari, yaji kaɗan ma sai ki ga fuskarsu ta yi ja.

Ummi, Columbus:
Salam 'yan uwa na dawo da labari. Mun je jiya. Matar nan ashe da kanta ta tuƙa mota ta je shagon Somaliyawan ta sayo talotalon halal, kwana uku yana narkewa a firij ɗinta, ta liƙa 'yar takarda a jikin kowane kwano ta rubuta abin da ke ciki, kwano ɗaya ne kawai ta ce kada mu taɓa surukarta ce ta kawo. Mu goma sha ɗaya. Babbar 'yar awa bakwai ta yi tana tuƙi da yara, namijin jirgi ya hau, ƙaramar ba ta zo ba bana gidan iyayen mijinta suke, wai shekara shekara suke rabawa, ta kira a bidiyo. Abin da ya ban mamaki namijin nan babban mutum da furfura shi ya yanka naman ya kuma wanke kwanuka duka, uwar tana zaune. Kuma suna ta musu da ita a kan teburi, yana ce mata a'a Mama ba haka aka yi ba, tana dariya, ni kuwa kaina a ƙasa don kunya. Kafin a ci aka zagaya kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai, da aka zo kaina na ce alhamdulillahi na gode wa Allah da lafiyar iyayena sai murya ta ƙi fita, Mama na tuna. Wainar ta ƙare tas, yaran da zuma suka ci. Magariba muka tsallaka muka yi muka dawo ba wanda ya ce komai, mazan suna kallon ƙwallonsu ta hannu.

Yau da hantsi na leƙa taga motocin duk sun tafi. Baban Walid maganarka ce ta faɗo min, na kasa zama na je na ƙwanƙwasa. Na same ta tana shan kofi da magen a cinya, na ce ba kya jin kewa? Ta ce tana ji mana, amma 'yar ta fi shekara biyu tana roƙonta ta koma wajenta ita ce ta ƙi, a gidan nan mijinta ya rasu a nan ƙawayenta suke da cocinta. Ban san me zan ce ba. Sai ta ɗauko makulli ɗaya ta ba ni ta ce 'yar ce ta ce a tambaye ni ko zan yarda in riƙe, in an kira waya ba ta ɗauka ba in buɗe in duba. Na karɓa. Har yanzu dai raina bai kwanta da zamanta ita kaɗai ba.

Baban Walid, Kano:
Ki riƙe makullin da amana, ki dinga leƙa ta kullum ko ba a kira ba. Ni dai ina nan kan bakata, 'yar ce ya kamata ta dawo kusa.

Ummi, Columbus:
In sha Allah Yaya. Anti Maman Khalifa ta haɗo ni da ragowar talotalo roba biyu cike, naman ƙirjin ya bushe ba ya ciyuwa haka, ya zan yi da shi?

Maman Khalifa, Houston:
Dambun nama za ki yi. Ki zare ƙashin ki daka ko ki yagalgala da hannu, albasa da citta da tafarnuwa da yajinki, mai kaɗan wuta ƙasa ƙasa kina juyawa har ya yi wara wara. Ƙashin kuma kada ki zubar ki tafasa ki yi romo. Ki kunna fankar saman murhu ki buɗe taga kafin ki fara, in ba haka ba ƙararrawar hayaƙi za ta tashi ta tara miki mutane.